Tawali'u da girman kai a koyarwar Kirista

Tawali'u da girman kai halaye ne biyu masu karo da juna waɗanda addinin Kirista ya ba su muhimmanci tun farkonsa. A wannan koyarwa, tawali'u shi ne mutum ya san matsayinsa na gaskiya a gaban Allah, ya yarda cewa rai da basira da dukiya da mulki duk ba shi aka yi, sa'an nan ya zauna da mutane bisa wannan sani. Girman kai kuwa shi ne mutum ya ɗora kansa inda bai kai ba, ya mai da baiwar da aka yi masa abin taƙama, ya raina na ƙasa da shi. Manyan malaman Kirista irin su Agustin na Hippo da Giregori Babba da Toma Akwinas sun ɗauki girman kai a matsayin tushen sauran zunubai. Sun ce ya fi su haɗari domin yana iya ɓuya a cikin aikin alheri da ibada, har mai shi ya kasa gane yana tare da shi. Ana koyar da wannan darasi a majami'un Katolika da na Otodoks da na Furotesta, har da waɗanda ke wa'azi da Hausa a Sakkwato da sauran garuruwan arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Asalin kalmomin

Kalmar tawali'u ta shigo Hausa daga Larabci, daga tawadu'u. Harafin Larabci na lodi yakan koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a kalmomin alƙali da alwala da lamiri. Ana kuma cewa ƙanƙan da kai, ko ƙasƙantar da kai, ko sauƙin kai. A ɗaya ɓangaren akwai girman kai da fahariya da taƙama da alfahari da ji da kai da jiji da kai.

An rubuta Sabon Alkawari da harshen Girka, inda kalmar tawali'u, tapeinofrosune, ta samo asali daga kalmar da ke nufin abin da ke ƙasa. Girkawan da suka gabaci Kiristanci sun fi amfani da ita wajen aibanta mutum, domin a wurinsu sunkuyar da kai halin bawa ne. Marubutan Kirista ne suka juya ta ta zama yabo. A Latin ana cewa humilitas, daga humus, wato ƙasa ko turɓaya, abin da ke tuna wa mai karatu labarin halittar Adamu daga ƙasa. Girman kai kuma shi ne superbia, wato ɗaukar kai sama da wasu.

A Tsohon Alkawari

Tsohon Alkawari ya fi koyar da wannan darasi ta hanyar labarai. A Farawa sura 3, maciji ya ruɗi Adamu da Hawwa'u da alkawarin cewa za su zama kamar Allah. A sura 11, mutanen Babila sun tashi gina hasumiya mai kaiwa sama domin su yi wa kansu suna, aka dagula harshensu, suka watse.

Labaran sarakuna sun fi yawa. Littafin Tarihi na Biyu sura 26 ya ba da labarin Uzziya, Sarkin Yahuza, wanda ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52. Ya ci yaƙe-yaƙe, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi. Da ƙarfinsa ya kawo, sai ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da firistoci kaɗai aka yarje wa. Firistoci 80 da shugabansu suka tare shi, ya husata, nan take kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare rayuwarsa a keɓe. A Daniyel sura 4, Nebukadnezzar yana yawo a kan soron fadarsa yana yabon kansa da ginin Babila, sai hankalinsa ya gushe, ya koma jeji yana cin ciyawa kamar sa, bai dawo hayyacinsa ba sai da ya ɗaga kai ya amince da ikon Maɗaukaki.

Labarin Na'aman a Sarakuna na Biyu sura 5 ya nuna ɗaya fuskar. Shi babban hafsan sojojin Suriya ne, amma kuturu. Wata yarinya baiwa ce ta ba da shawarar a kai shi wurin Annabi Elisha. Elisha bai ko fito ya tarye shi ba, sai ya aika masa ya je ya yi nutso sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya ga an raina shi, ya juya zai koma gida da cutarsa, sai barorinsa suka lallashe shi. Warakarsa ta zo ne bayan ya saurari baiwa da barori.

Littafin Karin Magana 16:18 ya yi gargaɗi cewa girman kai ne ke share wa halaka hanya. Littafin Ƙidaya 12:3 ya shaidi Musa da cewa ya fi mutanen zamaninsa tawali'u, Annabi Mika kuma a 6:8 ya haɗa tawali'u da adalci da jinƙai a cikin abubuwan da Allah yake nema ga ɗan Adam. Ishaya sura 14 habaici ne ga Sarkin Babila da ya so ya kafa gadonsa bisa taurari. Malaman Kirista na baya sun fassara wannan wuri a kan faɗuwar Shaiɗan, daga nan ne aka samo ra'ayin cewa girman kai shi ne zunubin farko da aka taɓa yi.

A koyarwar Yesu

Linjila ta nuna Yesu yana yawan komawa kan wannan batu, galibi a lokacin da almajiransa ke gardamar wane ne babba a cikinsu. A Matiyu sura 18 ya kira ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyarsu ya mai da shi ma'aunin girma. A Markus sura 10, Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, sun roƙi a ba su mazauni a damansa da hagunsa, sauran goman suka ji haushi. Yesu ya nuna musu cewa sarakunan duniya suna danne talakawansu, amma a tsakanin mabiyansa mai son shugabanci sai ya zama mai hidima.

Misalai biyu a Linjilar Luka sun fi shahara. A sura 14 ya lura da yadda baƙi ke rige-rigen zama a manyan kujeru wurin biki, ya shawarci mutum ya zauna a baya, domin gara mai gida ya ce masa matso gaba da a tashe shi a gaban jama'a. A sura 18 ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Na farko Bafarisiye ne, mai azumi sau biyu a mako, mai fitar da zakka, ya tsaya yana gode wa Allah da bai zama kamar sauran mutane ba. Na biyu mai karɓar haraji ne, wanda jama'a ke ƙyama, ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji yana neman gafara. Yesu ya ce na biyun ne ya koma gida a karɓe. Masu tafsiri suna jan hankali cewa Bafarisiyen bai yi ƙarya a kan azuminsa da zakkarsa ba. Abin da ya ɓata addu'arsa shi ne ya mai da ibadarsa tsani na hawa kan ɗan'uwansa. A kan wannan dalili ne Matiyu sura 6 ya umarci a yi sadaka da addu'a da azumi a ɓoye.

Kirista suna ganin rayuwar Yesu kanta a matsayin babban misali. An haife shi an kwantar da shi a komin dabbobi, ya shiga Urushalima a kan jaki, kuma a daren da za a kama shi, kamar yadda Yahaya sura 13 ya kawo, ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa. Wannan aikin ƙaramin bara ne a gidajen wancan zamani, shi ya sa Bitrus ya fara ƙin yarda.

A wasiƙun manzanni

Wurin da malaman tauhidin Kirista suka fi dogara da shi shi ne Filibiyawa 2:5–11, inda Bulus ya bayyana cewa Almasihu ya ajiye ɗaukakarsa, ya ɗauki siffar bawa, ya yi biyayya har mutuwa a kan gicciye, sa'an nan Allah ya ɗaukaka shi. Bulus ya kawo wannan ne domin ya sasanta masu jayayya a ikilisiyar Filibi. A Korantiyawa ta Ɗaya 4:7 ya tambayi masu fahariya ko akwai abin da suka mallaka wanda ba karɓa suka yi ba, tambayar da Agustin ya gina koyarwarsa ta alheri a kanta. A Romawa 12:3 ya nemi kowa ya auna kansa da ma'auni na hankali.

Wasiƙar Yakubu 4:6 da ta Bitrus ta Ɗaya 5:5 duk sun ɗauko Karin Magana 3:34, cewa Allah yana gāba da mai girman kai, yana yi wa mai tawali'u alheri. Wasiƙun sun kuma kula da haɗarin muƙami a cikin ikilisiya. Timoti ta Ɗaya 3:6 ta hana a naɗa sabon tuba shugabanci don kada kansa ya kumbura, Wasiƙar Yahaya ta Uku kuma ta ambaci wani Diyotarifis wanda son zama na gaba ya sa shi korar 'yan'uwa daga ikilisiya.

Malaman farko a Afirka

Yawancin tunanin farko a kan wannan batu a nahiyar Afirka aka yi shi. A ƙarni na 4, masu zaman zuhudu sun cika hamadar Masar. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, wanda ya rasu a shekarar 399, ya jera mugayen tunani takwas da ke addabar mai ibada. Ya sa son yabo da girman kai a ƙarshe, domin a lurarsa su ne ke afka wa mutum bayan ya yi nasara a kan kwaɗayi da sha'awa da fushi. Ana kuma ba da labarin Abba Musa Baƙi, tsohon ɗan fashi da ya tuba, wanda aka kira shi zaman hukunta wani da ya yi laifi. Ya zo ɗauke da hujajjen kwando cike da yashi yana zuba a bayansa, ya nuna wa taron cewa haka nasa zunuban ke zuba inda ba ya gani. Taron ya watse ba a yi hukuncin ba.

Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagaste, garin Suk Ahras na ƙasar Aljeriya a yau, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba, har rasuwarsa a 430. A littafinsa Birnin Allah ya bayyana cewa tun kafin Adamu ya miƙa hannu ga 'ya'yan itacen, zuciyarsa ta riga ta karkata ga son kanta. Ya raba 'yan Adam gida biyu bisa abin da suke ƙauna: masu son kai har su raina Allah, da masu son Allah har su manta da kansu. A ƙa'idar zaman zuhudu da ake danganta masa an yi gargaɗi cewa sauran zunubai a cikin mugun aiki suke, girman kai kuwa yakan yi kwanto a cikin aikin kirki don ya lalata shi. Misalin da aka bayar shi ne na mai arziki da ya rabar da dukiyarsa ya shiga zuhudu, sa'an nan ya koma taƙama da rabarwar.

Tsarin da aka yi a Turai

Benedik na Nursiya, wanda ya rayu a Italiya a ƙarni na 6, ya keɓe babi na 7 na ƙa'idarsa ga matakai 12 na tawali'u. Ya kwatanta su da tsanin da Yakubu ya gani a mafarki, sai dai a wannan tsani da ƙasƙantar da kai ake hawa, da ɗaukaka kai ake sauka. Matakin farko shi ne tsoron Allah a kowane lokaci. Daga nan sai barin son zuciya, da biyayya, da haƙuri a cikin wuya, da bayyana laifi, da kame harshe. Ƙarshen tsanin shi ne ƙauna wadda ba tsoro a cikinta.

Giregori Babba, Fafaroma daga 590 zuwa 604, ya kira girman kai sarauniyar miyagun halaye, ya ce daga gare ta bakwai suka fito: son yabo, hassada, fushi, baƙin ciki, rowa, zarin ci da sha'awa. Daga baya aka sake jerin, girman kai ya shiga cikin manyan zunubai bakwai da cocin Katolika ke koyarwa har yau. Giregori ya kuma kawo alamomi huɗu na mai girman kai: ya ɗauka alherin da ke gare shi daga kansa ya fito, ko ya yarda daga Allah ne amma ya ce cancantarsa ce ta jawo, ko ya yi taƙama da abin da ba shi da shi, ko ya so a ce shi kaɗai ke da shi. Shi ne ya yawaita kiran kansa bawan bayin Allah, laƙabin da fafaromomi ke amfani da shi har yanzu.

Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ɗan ƙungiyar Dominikan ne. Ya bayyana tawali'u da cewa linzami ne da ke hana zuciya zarce iyaka wajen neman ɗaukaka. Ya ƙara da cewa tawali'u ba ya hana babban buri, domin wanda aka ba baiwa ya ƙi aiki da ita saboda tsoro shi ma ya kauce. A ƙarni na 16, Teresa ta Abila a ƙasar Sifen ta daidaita tawali'u da gaskiya.

Furotesta da marubutan zamani

Martin Luther, a sharhin da ya yi wa waƙar Maryamu ta Luka sura 1 a shekarar 1521, ya ce mai tawali'u na gaske bai san yana da shi ba, domin da zarar ya sani ya fara alfahari da shi. Shi da John Calvin sun ɗaure batun da koyarwarsu cewa ceto kyauta ne, don haka ba wanda ke da bakin fahariya. Andrew Murray, fasto a Afirka ta Kudu, ya wallafa ɗan littafi a kan tawali'u a 1895, wanda har yau ake karantawa a makarantun horar da fastoci. C. S. Lewis na Birtaniya ya bayyana a 1952 cewa girman kai gasa ce: mai shi ba ya jin daɗin abin da ya samu sai in ya fi na maƙwabcinsa.

Reinhold Niebuhr na Amurka, a farkon shekarun 1940, ya kasa girman kai zuwa na mulki, na ilimi, na ɗabi'a da na addini, ya ce na ƙarshen ya fi muni domin mai shi yana jingina son zuciyarsa ga Allah. Ya kuma nuna cewa ƙabila da ƙasa da ɗarika sun fi mutum ɗaya saurin faɗawa ciki, tun da abin da mutum zai ji kunyar faɗa a kan kansa yakan faɗe shi da ƙarfi a kan jama'arsa.

A cikin ibada

Majami'u da dama suna koyar da tawali'u a aikace. A Larabar Toka, ranar da ake fara azumin kwana 40 kafin Ista, ana shafa wa masu ibada toka a goshi don tuna musu cewa daga ƙasa suka fito, can kuma za su koma. A Alhamis Mai Tsarki limamin coci yakan durƙusa ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkiɗa a 1923, ta gaji al'adar wanke wa juna ƙafa a lokacin jibin ƙauna. A ranar 28 ga Maris 2013, Fafaroma Francis ya wanke ƙafafun matasa 12 a wani gidan yari na yara a Roma, cikinsu har da mata da Musulmi. A watan Afrilu 2019 kuma ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun shugabannin Sudan ta Kudu, ciki har da Salva Kiir da Riek Machar, yana roƙonsu kada su koma yaƙi.

A Sakkwato da ƙasar Hausa

Koyarwar ta iso ga masu jin Hausa ta hanyar fassara. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Masu fassara sun yi amfani da kalmomin da Hausawa suka riga suka sani daga karatun addinin Musulunci, irin su tawali'u da zunubi da tuba da alheri.

A lardin Sakkwato, mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Amanawa, kusa da birnin, a ƙarshen shekarun 1930. Daga aikin SIM ne cocin ECWA ya fito a 1954. A ɓangaren Katolika, an kafa yankin mishan na Sakkwato a 1953, aka danƙa shi ga limaman Dominikan daga Amurka, aka ɗaga shi ya zama dayosis a 1964. Bishop na farko, Edward Lawton, da magajinsa Michael Dempsey duk 'yan Dominikan ne, ƙungiyar da ke bin ƙa'idar Agustin, wadda kuma Toma Akwinas ya fito daga cikinta. Kevin Aje ya gaje su a 1984, sai Matthew Hassan Kukah a 2011. A 2023 aka cire Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta, Gerald Mamman Musa ya zama bishop ɗinta na farko. Cocin Angilika ya kafa nasa dayosis na Sakkwato a 1990, Josiah Idowu-Fearon, masanin addinin Musulunci da dangantakar addinan biyu, ya zama bishop na farko.

Kirista 'yan tsiraru ne a birnin Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya. Da yawansu 'yan kasuwa ne da ma'aikata da ɗalibai da suka zo daga wasu sassan ƙasar, suna zaune tare da maƙwabta Musulmi a unguwanni irin su Gawon Nama, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. A irin wannan zama, tambayar ko tawali'u yana nufin yin shiru tana da nauyi. Ta fito fili bayan saƙon Kirsimeti na 2020, inda Bishop Kukah ya zargi gwamnatin Muhammadu Buhari da fifita 'yan yankinta wajen naɗe-naɗe. A watan Janairu 2021 wata ƙungiya a Sakkwato mai suna Muslim Solidarity Forum ta ce kalamansa sun taɓa Musulunci, ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar jihar. Fadar shugaban ƙasa ta ce kalaman sun ɓata wa mutane da yawa rai, amma tsarin mulki ya ba shi damar zama inda ya ga dama. Masu sukarsa sun ga ya wuce gona da iri, magoya bayansa kuma sun ga ya sauke nauyin da ke kan malamin addini. Shi dai bishop ɗin yana cikin Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III, kwamitin da ya sa manyan 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya kafin zaɓen 2015.

Suka da muhawara

Ba kowa ne ya yarda tawali'u halin kirki ne ba. David Hume na Sikotilan, a 1751, ya sa shi cikin halayen masu zuhudu da ba su amfanar jama'a. Friedrich Nietzsche na Jamus, a 1887, ya ce ɗabi'ar raunana ce waɗanda suka mai da gazawarsu abin yabo. Akwai kuma sukar da ta fito daga tarihi. Masu bayi a Amurka sun yi amfani da ayoyin biyayya don su danne bayinsu, abin da Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tona a littafin tarihin rayuwarsa na 1845. A 1960 Valerie Saiving ta yi nuni da cewa maza masu iko ne suka rubuta yawancin wannan koyarwa, alhali jarrabawar mata da yawa ita ce raina kai, don haka yi musu wa'azin ƙasƙantar da kai na iya ƙara musu rauni.

Malaman Kirista sukan amsa da cewa yawancin gargaɗin Littafi Mai Tsarki ga sarakuna da attajirai da malamai aka yi shi. Suna kawo Annabi Natan da ya fuskanci Sarki Dawuda, da Yahaya Mai Baftisma da ya tsawata wa Hirudus, da Bulus da ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, da Bishop Ambros na Milan da ya sa Sarki Tiyodosiyus tuba a bainar jama'a bayan kisan gillar Tasalonika a shekarar 390. A wannan fahimta, wanda ya nemi na ƙasa da shi ya yi tawali'u alhali shi bai yi ba, ya juya koyarwar a kanta.

Kamanci da Musulunci da al'adar Hausa

Musulunci ma ya yi hani mai tsanani a kan girman kai. Alƙur'ani ya bayyana cewa kibri ne ya hana Iblis yin sujada ga Adamu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u ga aibin kibri da ujubu, malaman jihadin Sakkwato kuma sun lissafa su tare da riya da hassada a cikin cututtukan zuciya. Bambancin yana wajen tushe: Kirista suna kafa tawali'u a kan imaninsu cewa Allah da kansa ya ƙasƙantar da kai cikin Almasihu, abin da Musulunci bai yarda da shi ba, domin a wurinsa girma na Allah ne shi kaɗai, tawali'u kuma na bawa ne.

Al'adar Hausa tana da nata ma'auni. A nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri da mutunci a cikin halayen da Bahaushe ke yabo. Karin magana na cewa girman kai rawanin tsiya, da komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, da durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Masu wa'azi da Hausa, Kirista da Musulmi, suna ɗaukar irin waɗannan karin magana domin kusantar da darasin ga masu sauraro.